Ƙaramin Gidan da Baba Ya Gwada da Kara

Bolari, Gombe.
20 ga Fabrairu, 1977.

Zuwa ga Yayana Rufa'i,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ladi da yara, Ya tsare ku daga zazzaɓin Ikko da hargitsin motocinta, Ya kuma sa albarka a aikinka na bakin ruwa. Mu nan gida lafiya lau muke, sai godiya. Matata A'i ta warke daga ciwon haƙorin da ya hana ta sakat, don haka bakinta ya dawo aiki, ni kuma kunnena ya koma wahala. Ƙanwarka Delu tana nan ƙalau, mijinta Jibrilla ya sami tuƙi a wajen 'yan auduga, sai dai ka hango shi can saman mota yana ɗaga wa mutane hannu. Baba yana cin tuwonsa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, faɗansa kuma yana nan daram yadda ka bar shi, bai ragu da ko ƙwaya ɗaya ba.

To Yaya, ka gyara zama, domin maganar gida ce kuma tana da tsawo. Zanen sabon ginin da ka aiko ya iso hannuna tun kafin Babbar Salla, na kuma yi shiru ban ba ka amsa ba, saboda ba ni da amsar da zan bayar. Ka san tsagewar nan ta bangon gabas na ɗakin Baba? Yanzu hannuna na shiga cikinta har wuyan hannu. Azara biyu sun lanƙwasa, da gwafa muka tokare su. Maginin da na kira ya duba ya ce mini ɗakin ba zai ga ƙarshen wata daminar ba, ruwa biyu masu ƙarfi sun ishe shi. Baba kuwa a ciki yake kwana, ya kuma rantse ba zai fita ba, ba kuma mai sa diga a gidansa, sai ya ga abin da za a ba shi a madadinsa. Na shimfiɗa masa shuɗiyar takardarka a kan tabarma, na yi ta bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce shi dai bai ga gida ba, layuka ya gani, kuma ba zai rushe ginin da ya cuɗa ƙasarsa da ƙafarsa ba don wani ɗan boko ya ja layi da fensir. Daga nan ya naɗe ta ya miƙo mini, ya ce in kai wa A'i ta rufe tulu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na tafi rumfata a bakin tasha ina ta ƙunƙuni. Polycarp ne ya ji ni. Ka tuna shi, kafintan nan da shagonsa ke manne da nawa, wanda ya dawo bayan yaƙi, shi ke haɗa bodin manyan motoci ni kuma in zane su. Ya karɓi takardar ya duba, ya ce ai tsoho bai yi laifi ba, shi ma da ya fara koyon aiki layuka kawai yake gani. Ya ce mu gina gidan ƙarami, wanda za a ɗora a kan tebur, Baba ya gan shi da idonsa ya taɓa da hannunsa. Duk ƙafa huɗu ta zanenka ya mai da ita inci guda. Sati biyu ya yi yana yankan siririn katako da 'yar wuƙa, harshe a waje, yana zagin duk wanda ya tsaya masa a haske. Wallahi Yaya, mutumin nan yana da hannu. Ɗaki biyar, falo, madafa, bayan gida, ɗakin mota, kowace ƙofa da ƙyaurenta mai buɗuwa, rufin kuma ana ɗaga shi a leƙa ciki. Da ya gama sai ya turo mini, ya ce saura fenti, wannan kuma aikina ne.

Nan fa na tafka wautar da har yanzu in na tuna sai in ji kunya. Shekara goma sha biyar ina zanen mota, ba direban da ya taɓa dawo mini da aiki, daga nan har Yola an san zakin da nake zanawa a bayan bodi. Sai na ɗauko fentin nan na mota mai ƙyalli, na shafa wa bango rawaya, tagogi shuɗi, ƙofofi ja wur, rufi kuma ruwan azurfa. Har furanni na yi wa bakin ƙofa, don rashin ta-ido. Na ɗauko shi a ka na shiga gida ina taƙama. Baba yana zaune a zaure, ya dube shi sau ɗaya, ya tambaye ni ɗan wa aka saya wa wannan, ya ce in na Delu ne a hana shi sawa a baki. Na ce masa gidansa ne. Ya ce shi bai taɓa ganin gidan da mutum zai zauna a ciki yana walƙiya kamar kwanon jeren amarya ba. Ya juya ya ci gaba da jan carbinsa, ko ɗaga rufin bai bari na yi ba.

Kwana biyu ban yi wa kowa magana mai daɗi ba. A rana ta uku na hau kekena na shiga gari, ba don komai ba sai don in huce. Na bi ta gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, na zaga ta GRA, na dawo ta cikin Bolari, ina kallon bango. Yaya, ashe duk shekarun nan ban taɓa duban bango ba! Babu bango ɗaya a garin nan mai launi guda. Gindinsa ja ne, saboda ruwan sama na dukan ƙasa ya fantsama masa. Ƙarƙashin taga akwai zirin baƙi inda ruwa ke gangarowa. Gefen da rana ke duka ya koɗe, gefen inuwa ya yi duhu. Bakin ƙofa, daidai kafaɗar mutum, ya yi sulɓi ya yi maiƙo don yawan dafawa. Na tsaya gaban wani gida a GRA ina ƙare wa indararonsa kallo har mai gadi ya fito da sanda yana tambayar abin da nake nema. A nan na gane kuskurena. Mota daga nesa ake hango ta tana gudu, dole launinta ya yi ihu. Ƙaramin abu kuwa a gaban hanci ake kallonsa, in ka ba shi launi mai ƙarfi sai ya koma abin wasan yara. Kuma dattijo irin Baba ba zai yarda da gidan da bai ga alamar an taɓa rayuwa a cikinsa ba.

Na koma na kankare fentin nan tas da sanfefa. Na bar fentin mota, na nemo na bango marar ƙyalli, kowane launi na kashe masa kaifi da ɗan toka da farar ƙasa kafin in shafa. Buroshina duk sun yi kauri, sai na yanko gashin jelar akuyar A'i na ɗaure a tsinken tsintsiya, na sami guda uku, ƙaraminsu bai fi gashi goma ba. Har yau akuyar in ta gan ni sai ta canja hanya. Bango na yi masa ruwan madara, da ya bushe na tsinka jar ƙasa da ruwa sosai na bi gindinsa, in shafa in goge da tsumma, in shafa in goge, har sau huɗu. Baƙin gindin tukunya na kankaro na yi hayaƙin da ke saman tagar madafa. Rufin kuwa gwangwanin madara Polycarp ya buɗe ya daddanna da ƙusa ya yi masa gurbi-gurbi irin na kwano, ni kuma na tsoma buroshi a fenti mai ruwan ƙasa, na share shi a takarda har ya kusa bushewa, sa'an nan na riƙa shafa bakin kowane kwano a hankali, sai ga tsatsa ta fito inda ya kamata. Tsakar gidan ma ba fenti na sa ba. Ƙasar tsakar gidanmu na ɗebo na tankaɗe da rariya, na jiƙa ƙaro na shafa a katakon, na barbaɗa ta a kai. Na yi rijiya da murfin kwalba, na yi dalbejiyarmu da reshe da busasshen ganyen zogale, na sa ta daidai inda take tsaye.

Polycarp da ya zo ya ga abin da nake yi sai ya ɗora hannu a ka. Ya ce shi ya ba ni sabon gida fes, ni kuma na zauna da gangan ina tsofar da shi, wane irin mai fenti ne wannan da ake ba shi abu ya ɓata. A'i ita ma ta ce tun da take ba ta taɓa ganin namijin da ke shafa wa bango dauɗa da hannunsa ba, in dai dauɗa nake so ga wanke-wanke nan. Na ƙyale su duka. Na san abin da nake yi, kuma ka san ni, in na san abin da nake yi ko Baba ba ya juya ni. Kwana tara na yi a kai. Na ƙarshen abin da na sa shi ne ɗan duhun nan na jikin ƙyauren ɗakin Baba, inda hannu zai riƙa turawa, da 'yar buta da na sassaƙa da ƙwallon dabino na ajiye a bakin ƙofar.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka kai shi zaure ni da Polycarp, muka ɗora a kan turmi. Delu ta zo gaishe da Baba, tana tsaye a ƙofar ciki. Wannan karon Baba bai yi ba'a ba. Ya ajiye carbi, ya matso, ya durƙusa har gemunsa na taɓa katakon, ya rufe ido ɗaya ya leƙa ta ƙofar gidan. Ya daɗe a haka. Ya taɓa dalbejiyar, ya murza ƙasar da yatsa ya shinshina, ya ce wannan ai ƙasar gidansa ce. Zuciyata ta yi fari ƙal. Na ɗaga rufin na nuna masa falo, na nuna masa ɗakinka da nawa, na nuna masa nasa can ƙurya, inda mai zanenka ya sa shi don kada hayaniya ta dame shi. Ya bi siririn lungun da ya taso daga ɗakin da yatsa, ya karya kwana, ya wuce falo, ya fita. Sai ya tambayi Polycarp, in mutum zai shiga wannan gida, yaya tsawonsa zai kasance. Polycarp ya zaro tsinken ashana ya karye kan, ya ce kamar haka. Baba ya miƙa hannu ya zaro kara daga jikin zana, ya ɓare shi, ya yanki totuwar da wuƙarsa ta yankan farce, ta ɗan fi tsinken tsawo, ya fafe ta ta yi faɗi. Ya kwantar da ita a cikin ɗakinsa, ya fara tura ta waje da ɗan yatsa.

Ta fita ƙofar ɗakin da ƙyar. Da ta zo kwanar lungun sai ta cije. Ya ja ta baya ya sake gwadawa ta wani gefen, ta sake cijewa. Ni duk a zatona gado yake aunawa, Polycarp ma haka, har ya yi dariya ya ce kada Baba ya damu, gadon zamani kwance shi ake yi a shiga da shi gunduwa-gunduwa. Baba bai ɗago ba, ya ce wannan ba a kwance shi, kuma mutum huɗu ke ɗaukarsa, biyu gaba biyu baya. Delu ce ta fara ganewa. Na ji ta ja salati, ta rufe fuska da mayafi ta shige ciki. Sa'an nan ni ma abin ya faɗo mini: makara Baba yake gwadawa. Ya ɗaga totuwar ya tsai da ita a tsaye, sai ta wuce kwanar, ya ce ga yadda za a fitar da shi ke nan a gidan Rufa'i, a tsaye kamar naɗaɗɗiyar tabarma, jama'a na kallo. Ya ce ya gode, gidan ya yi kyau, amma shi a kwance yake so ya bar gidansa, kamar yadda uwarmu ta bar shi. Kuma bai ga zauren da za a ajiye shi ba, bai ga inda maza za su zauna karɓar gaisuwa ba.

Yaya, na ji tsoro, kuma na ji kunya. Mu uku, kai da mai zanenka da ni, mun lissafa inda za a sa rediyo da inda za a sa firiji, ba wanda ya tuna da ranar da kowane gida ke gani. Polycarp hularsa ya cire ya riƙe a hannu har muka fito. Amma da na kwana na tashi sai na ga abin murna ne. Da fa cewa yake ba ya ganin gida. Yanzu ya gani, ya shiga, har ya mutu a ciki. Wanda ya kai ga auna hanyar fitarsa ai ya riga ya yarda da zaman, gyara kawai yake nema, gyara kuwa ba ya gagarar mu.

To ga laifin da na yi maka, gara ka ji daga bakina. Ban jira izininka ba, domin kafin takarda ta je Ikko ta dawo hadari ya fara haɗuwa. Na sa Polycarp ya ɓamɓare bangon lungun, muka ci ƙafa uku daga falonka, muka miƙe kwanar ta zama hanya ɗaya ɗoɗar. Ƙofar ɗakin Baba mun faɗaɗa ta, mun yi mata ƙyaure biyu. Ɗakin motarka kuma, ka yi haƙuri, ya zama zaure, da dakali a gabansa. Kada ka ɗaure fuska, ai ba ka sayi motar ba tukuna, ranar da ka saya ga inuwar dalbejiya nan ta ishe ta. Na sake bin wuraren da aka yanka da fenti, na cike tsagar da garin katako da gam, na haɗa launin har ya saje, Polycarp da kansa ya nemi inda ya yanka ya rasa. Bangon zauren na yi masa duhun nan na inda bayan mutane ke jingina, layi guda daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na kai wa magini ya auna, ya ce gyaran ba zai taɓa ƙarfin ginin ba, rufin ma ya fi sauƙin ɗorawa a haka. Na kwafe sabon awon a takarda na haɗo maka a cikin ambulan ɗin nan, ka nuna wa mai zanenka, in ya yi gardama ka ce ya zo Gombe ya yi ta da Baba.

Shekaranjiya muka mayar masa. Ashe totuwar nan tana aljihunsa duk kwanakin nan, bai yar ba. Ya zaro ta ya kwantar a ɗakin, ya tura. Ta fita ƙofa, ta bi hanya sumul, ta shiga zaure, ta juya, ta fita waje ba ta taɓa bango ba. Ya maimaita sau uku. Sa'an nan ya ce a kira magini ranar Asabar, shi kuma zai koma gidan Delu da buzunsa da butarsa har a gama ɓangarensa. Alhamdu lillahi! Jiya da hantsi Jibrilla ya zo ya ɗauke shi, ni da kaina na sa wa tsohon ɗakin kwaɗo na jefa mabuɗin a aljihu. Magini ya ce in siminti bai yanke ba, ɗakin Baba da zauren za su sami rufi kafin ruwan farko, ni kuma zan tsaya a kansu safe da yamma, ka san ba a yi mini wasa da aiki. Wannan ka ɗauka an gama.

Ka gaishe mini da Ladi da kyau, ka ce A'i ta gode da atamfar, ta ɗinka har ta je suna da ita. Ka shafa mini kan yara. Delu da Jibrilla suna gaishe ka, haka maƙwabcinmu Bappayo, wanda kullum sai ya tambaye ni ko ka manta Fulatancin da ya koya maka. Polycarp ya ce in gaya maka ƙyauren ɗakin Baba na gaske shi zai yi da hannunsa, da katakon maɗaci, kuma kada wanda ya yi masa maganar lada.

Saura abu ɗaya, shi na bari ƙarshe don na rasa yadda zan faɗa. Bayan Baba ya gama gwajinsa, bai tashi ba. Ya karɓi ashanar Polycarp ya zaro tsinke huɗu, ya jera su a gefen totuwar, biyu gaba biyu baya. Ya nuna na baya ya ce Jibrilla da Bappayo. Ya nuna na gaba ta hagu ya ce ni. Na gaba ta dama ya daɗe da yatsa a kansa, sa'an nan ya ce wannan Rufa'i ne, in yana gari. Ya ce lokacin rasuwar uwarmu a zaman makoki ka same mu, ba laifinka ba ne, jirgin ƙasa kwana biyu yake yi, gawa kuwa ba ta jiran jirgi. Bai ce in rubuto maka ba, ka san shi, ba zai taɓa roƙo ba. Ni ne na buɗe baki na ce masa za ka nemi canjin wurin aiki ka dawo Arewa, kuma kai za ka buɗe masa ƙofar sabon ɗakin da hannunka. Ya dube ni ya tambaya ko kai ka faɗa. Na ce e, kai ka faɗa. Yaya, ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba sai rannan, ina roƙonka don Allah kada ka bar ta ta zama ƙarya.

Wassalam. Ni ne ƙanenka,
Rabe mai fenti.